Alkawarin da Kuluwa Ta Yi a Ƙarƙashin Ɓaraguzai

Ku matso kusa, manya da yara, ga wata nan na zo muku da ita. Akwai shari'a a ƙarshenta, kuma ku ne alƙalan, don haka kowa ya riƙe abin da ya ji da kyau, kada in gama wani ya ce in koma masa baya.

A wani gari da ake kira Gangaren Fa, wanda ke zaune a gindin wani dogon dutse, an yi wata tsohuwa mai ginin tukwane, sunanta Kuluwa. Duk randar da ke sanyaya ruwa a garin nan daga hannunta ta fito. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar mata 'ya'ya uku da wani tsohon soro mai rufin azara da ƙasa, wanda tun kakansa aka gina shi.

'Ya'yan duk sun girma, kowa ya kama gidansa. Babban, Shekarau, direban babbar mota ne a wurin masu haƙa rijiyar burtsatse. A birni yake zaune, kuma aikin ya kai shi ƙasashe masu nisa. Da yake ɗan fari ne, Kuluwa ba ta kama sunansa, sai dai ta ce Babba. Mai bi masa mace ce, Tabawa, ungozoma, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gida a tsallaken rafi, ita ke riƙe da shi da 'ya'yanta. Autan kuwa, Nomau, mahaƙin rijiya ne irin ta hannu, gidansa yana bakin gari. Mutum ne marar yawan magana, sai ka wuni da shi ba ka ji ya haɗa zance mai tsawo ba.

Wata rana Kuluwa na zaune a tsakar gida tana goge wani tulu, sai ta ga ruwan randa yana rawa shi kaɗai. Tukwanen da ta jera a jikin katanga suka shiga ƙwanƙwasar juna, kaji suka watse. Kafin ta miƙe, abin ya wuce. Da yamma gari ya ɗauki zance. Wasu suka ce iskokin dutse ne suka yi fushi, wasu suka ce masu fasa dutse ne da nakiya a can bayan tsauni, wasu kuma suka rantse ba su ji komai ba.

Ba a daɗe ba Shekarau ya zo ganin gida. Da ya ji labarin, sai fuskarsa ta sauya, domin ya taɓa yin aiki a wata ƙasa mai tsaunuka inda ƙasa ta girgiza a gaban idonsa, ya ga abin da ta bari. Ya zauna gaban uwar ya ce, "Iya, ba ni tsingaro biyu."

Ta miƙo masa guntayen fasasshiyar tukunya. Ya kwantar da su a ƙasa, bakin wannan a jikin bakin wancan, ya barbaɗa yashi a kansu, ya ɗora 'yan tsakuwa.

Ya ce, "Injiniyoyin da muke aiki da su haka suka nuna mini. Ƙasar nan da muke takawa ba falle ɗaya ba ce. Manya-manyan faifayen dutse ne a jere, kamar waɗannan. Can ƙarƙashinsu akwai zafi mai tsanani, dutsen da ke wurin ya yi laushi kamar yumɓun da kika kwaɓa, yana motsi yana jan faifayen da ke kansa. Motsin bai fi tsirar farce sauri ba. To, inda faifai biyu suka haɗu, sai bakinsu ya sarƙe. Ana ta turawa, sun ƙi gocewa, shekara da shekaru, har ranar da bakin ya kasa riƙewa."

Yana magana yana matsa tsingaron da tafin hannu. Can sai ɗaya ya kuɓuce ya hau kan ɗan'uwansa, yashi ya yi tsalle, tsakuwa suka gangare.

Ya ce, "Wannan gocewar ita ce girgizar ƙasa. Mu nan muna nesa da manyan mahaɗan, shi ya sa ba mu saba da ita ba. Amma ko a tsakiyar faifai akan sami tsohuwar tsaga, irin ta tukunyar da ta tsage a wuta ba a lura ba."

Kuluwa ta dubi tsingaron ta ce, "Mu dai abin da muka ji a bakin tsofaffi, duniya a kan ƙahon wani sa take, in ya gaji ya sauya ƙaho sai ta motsa. Ni ban ga san ba, ban kuma ga faifanka ba. Ikon Allah ne dai."

Ya ce, "Ikon Allah ne, Iya. Ruwan sama ma ikonsa ne, amma kina kwashe ɗanyun tukwanenki in hadari ya haɗo."

Ta tambaye shi yaushe girgizar za ta dawo. Ya ce babu mai iya faɗin ranar, ko masu ilimin. Mai yiwuwa ne sai jikokinsu sun tsufa, mai yiwuwa ne gobe. Abin da dai ya gani da idonsa shi ne, ba kasafai girgizar ke kashe wanda ke fili ba, gini ne ke kashe mutane. Yana faɗin haka yana kallon rufin soron nan mai nauyi.

Ya roƙe ta ta bar ɗakin, ta ce ɗakin da ta haifi 'ya'yanta a ciki ba za ta bar shi don rawar ruwan randa ba. Da ya ga ba za ta tanƙwaru ba, sai ya koma birni ya sayi ragowar bututun ƙarfe masu kauri irin na aikinsu, ya sa mai walda ya haɗa masa gado mai dogayen ƙafafu, da farantin ƙarfe a samansa. Ranar da aka kawo shi sai da aka cire ƙyauren ɗaki kafin ya shiga. Unguwa ta sha dariya, aka sa masa suna gadon giwa. Ita kanta sai ta taka kujera take hawa.

Bai tsaya nan ba. Ya ce mata, "In abin ya same ki a tsakar gida, ki tsaya a fili nesa da katanga. In ya same ki a ɗaki, kada ki yi tseren ƙofa da wannan gwiwar taki. Ki shige ƙarƙashin gadon nan, ki rufe kanki da hannu." Ya sa ta gwada a gabansa, tana rarrafe tana mita, tana cewa ta ga zamani, ɗa na koya wa uwarsa rarrafe. Ya hana ta cusa kaya a wurin, sai 'yar ƙwaryar da take zuba duwatsun gogen tukwane. Ƙannensa kuma ya gaya musu cewa babbar girgiza ba ta zuwa ita kaɗai, takan biyo da ƙananan da ke ƙarasa abin da ta raunana.

Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, mutane suka manta.

Ran nan da kaka, yawancin gari na gona ana yankan gero, Kuluwa ta ɗauki kwando da fartanya da safe ta nufi ramin yumɓu da ke gindin dutse. Maƙwabta sun ga fitarta, har sun gaisa. Ta yi nisa kaɗan gwiwar ta motsa mata, sai ta juyo ta lungu, ta shiga gida ta ƙofar baya ba wanda ya gan ta. Ta ajiye kwandon kusa da randa, ta shiga ɗaki don ta ɗan miƙe ƙafa.

Da hantsi ya ɗaga sai ta ji wani gurnani daga ƙarƙashin ƙasa, kamar manyan motoci na wucewa a cikinta. Karnuka suka ɗauki haushi. Daɓen ɗaki ya fizge kamar an ja tabarma da mutum a kai. Ta sauko ta nufi ƙofa, ta faɗi, ta ga bangon ƙofar yana buɗe baki. A nan maganar ɗanta ta faɗo mata. Ta juya ta rarrafa ta cusa kanta ƙarƙashin gado, ta ɗora hannu a ka. Ba ta gama janyo ƙafar hagu ba rufin ya sauko gaba ɗaya.

Duhu ya rufe ta, ƙura ta cika mata baki da hanci. Ta yi kalmar shahada ta jira mutuwa. Da ta ga shiru, sai ta ɗaga hannu ta shafa samanta, ta ji farantin ƙarfen ya lotso har yana kusan taɓa bayanta, amma ya riƙe. Azara ɗaya ta danne mata ƙafar daga ƙauri, ba ta iya motsa ta. Ta buɗe baki ta yi kira, muryar ba ta fita ba. Can nesa tana jiyo koke-koke, kuma da ta saurara sai ta gane sawun mutane nesa da gidan yake yi, wajen dutse. Nan ta fahimci abin da ke faruwa: a ramin yumɓu ake nemanta.

A cikin wannan duhu ta yi alkawari tsakaninta da Ubangijinta. Ta ce, "Ya Allah, na yi taurin kai. In ka nufa na sake ganin rana, duk wanda ya cece ni cikin 'ya'yan nan, a gidansa zan ƙarasa kwanakina." Daga nan hannunta ya faɗa kan ƙwaryar duwatsu. Ta ɗauki ɗaya ta shiga buga ƙafar gadon, ba don tana sa ran a ji ba, sai don kada ta kwanta haka kawai.

Abin da ya faru a waje kuwa sai daga baya aka ba ta labari. Tabawa na tsallaken rafi, ta gama karɓar haihuwa ke nan abin ya zo. Ta fito da mai jego da jinjiri fili, ta tabbatar nata 'ya'yan lafiya, sannan ta ƙetare rafin, wanda ruwansa ya koma ja kamar an dama shi. Tana shiga gari ta tarar ana gudu wajen dutse, aka ce mata gefen tsaunin ya zubo ya binne ramin yumɓu, kuma Iya na ciki. Nomau ma tuni yana can da dagi, da duk wani mai ƙarfi a garin.

Ita ma ta bi ayarin tana kuka. Hanyar ta ratsa ta ƙofar gidansu, ta waiga ta ga soron ya zama tudun ƙasa. Har ta wuce sai ta dawo, domin idonta ya faɗa kan kwandon nan kusa da fasasshiyar randa, ga fartanya a ciki, babu ko ɗigon yumɓu a jikinta. Ta san uwarta ba ta zuwa rami ba fartanya. Matan unguwa da ke tsaye suna salati suka ce da idonsu suka ga fitarta, kada ta ɓata lokaci.

Tabawa ta ce, "Don girman Allah ku yi mini shiru. Ku kori awakin nan, ku kai yara nesa."

Da ƙyar aka sami shiru. Ta kwanta rubda ciki a gefen tudun ta manna kunne da ƙasa, yadda ta saba mannawa a cikin mace mai juna biyu. Da farko bugun zuciyarta kaɗai take ji. Ta matsa gaba ta sake, babu. Ta zagaya ta inda bangon gabas yake a da, ta riƙe numfashi. Can ƙasa-ƙasa sai ta ji wani ɗan sauti, ƙarfe da dutse, a buga da sauri-sauri sannan a dakata. Wata mata ta kwanta ita ma ta saurara, ta ce ba ta ji komai ba. Tabawa ta ce, "Haka Iya ke ƙwanƙwasa tukunya in tana son ta ji ko ta gasu. Tun ina goye nake jin wannan bugun."

Ta ɗauki dutse ta buga wata azara da ta leƙo daga cikin ƙasar, irin bugun nan sak. Kuluwa ta ce a duk rayuwarta ba ta taɓa jin abin da ya kai wannan amsar daɗi ba. A lokacin hannunta ya gaji, barci mai nauyi na fizgarta, har ta fara tunanin ta ajiye dutsen. Da ta ji an amsa, sai ta ƙara ƙarfin bugu.

Tabawa ta kafa taɓarya daidai wurin, ta sa mata biyu su tsare kada kowa ya hau kan tudun, ta zura da gudu ba takalmi zuwa gindin dutse. Mazan suka ƙi yarda, suka ce ruɗewa ce ta sa take jin abin da babu, in aka bar nan aka koma can, an yi biyu babu. Ta ratsa su ta riƙe rigar ƙanenta ta ce, "Auta, na ji ta da kunnena, ta kuma amsa mini. Iya tana ɗakinta." Nomau ya dubi idonta, ya saɓa dagi ya bi ta, sauran suka biyo baya.

Da suka iso, mutane suka ɗauki shebur za su hau sama su fara kwasa. Nomau ya hana. Ya ce duk wanda ya taka saman nan, nauyinsa a kan Iya zai sauka, ga kuma ragowar bango ɗaya a tsaye ya karkato, jira kawai yake. Ya zagaya tudun yana dubawa kamar yadda yake duba bakin tsohuwar rijiya, sannan ya durƙusa a gefen da taɓaryar take ya fara haƙa rami a kwance, daidai faɗin kafaɗarsa. Ya ce a tattaro masa duk turmin da ke unguwar. In ya ci gaba kaɗan sai ya kafa turmi ya ɗora guntun ƙyaure a kai ya tokare ƙasar sama. Yana ciki yana turo ƙasa a kwano, mutane na karɓa hannu da hannu. An ɗaura masa igiyar guga a ƙugu.

Liman ya sunkuya bakin ramin ya ce, "Nomau, ka tuna abin da yayanka ya faɗa. Takan sake dawowa."

Daga ciki ya ce, "Na tuna, Malam. Shi ya sa nake sauri."

Matarsa na tsaye a gefe da goyo. Da wurin ya matse har dagi ba ya juyuwa, sai ya ajiye shi ya ci gaba da yatsu. Azahar ta yi ta wuce yana ciki.

Kuluwa ta fara jin ƙasa na zubowa kusa da fuskarta, sai ga ɗan haske, sai ga hannu ya lalubo nata. Ta ji an ce, "Iya." Ta ce, "Auta, kai ne? Koma, kana da ƙananan yara." Ya shafa har ya gano azarar da ta danne ƙafar. Ya kwance igiyar daga ƙugunsa ya ɗaura mata a ƙarƙashin hammata, ya kutsa ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin azarar.

Daidai nan gurnanin ya dawo. Ƙasa ta sake kaɗawa, bangon da ya karkato ya kife a kan tudun, mutanen waje suka watse suna salati, in ban da Tabawa da masu riƙe da igiya. Turamen suka yi ƙara, ƙasa na zubo musu a ka. Nomau ya yunƙura da duk ƙarfinsa, azarar ta ɗaga kamar faɗin tafin hannu, ya ɗaga murya ya ce a ja. Aka ja. Kuluwa ta ji ƙafarta ta zare, ta ji ana jan ta a kan tsakuwa ta cikin ramin, har ta fito cikin hasken la'asar.

Tabawa ta tallafe ta tana share mata ƙura a ido, aka kawo ruwa. Ta ture kofin ta ce, "Ina Auta?" Kowa ya zuba wa bakin ramin ido, ƙura na fitowa daga ciki. An ɗan jima, sai ga tafin ƙafa ya ɓullo, sai ɗayan. Da baya-baya ya fito, yana jan jiki da hannu ɗaya, kafaɗar dama ta karye, faratansa duk sun ɓare. Ya zauna a ƙasa yana haki. Matarsa ta durƙushe inda take, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, maza manya suna share hawaye suna hamdala. Sai a lokacin Kuluwa ta karɓi ruwan ta sha.

Mai ɗori ya ɗaure ƙafar uwa da kafaɗar ɗa a kan tabarma ɗaya. Da aka zagaya gari aka ga ɓarnar ba kaɗan ba ce. Soraye da yawa sun zube, rumbuna sun fashe hatsi ya watse, hasumiyar masallaci ta faɗi, ƙasa ta tsage ta tsakiyar kasuwa. Rijiyoyi wasu sun ƙafe, wasu ruwansu ya zama laka. An yi asarar dabbobi, an sami karaya da raunuka. Amma da yake abin ya zo mutane na gona, da aka bi gida-gida aka ƙirga kawuna, babu rai ko ɗaya da ya salwanta a Gangaren Fa. Mutane suka yi ta maimaita wa juna wannan magana kamar ba su yarda ba. Aka kafa bukkoki a fili, domin ƙasa ta ci gaba da ɗan motsi lokaci-lokaci, kuma ba mai son kwana ƙarƙashin rufi.

Washegari Shekarau ya iso a ƙafa, saboda duwatsu sun toshe hanyar mota. A hanya wani ya tare shi ya yi masa gaisuwar mutuwa, ya ce dutse ya binne tsohuwar a ramin yumɓu. Da wannan labari ya shigo gari. Ya tsaya a kan kangon gidansu yana kallon ƙafar gadon da ta leƙo daga ƙasa, sai aka kama hannunsa aka kai shi wata bukka. Ya tarar da ita zaune an miƙe mata ƙafa, tana shan kunu. Ya durƙusa gabanta.

Ta kau da kai irin na kunyar ɗan fari, ta ce, "Babba, gadon nan naka ya lanƙwashe. Sai ka nemi mai gyara."

Ya yi dariya, hawaye na zuba.

Da hankali ya kwanta, ƙafar ta fara haɗewa, sai maganar inda za ta zauna ta taso. Tsagar ƙasa ta bi ta tsakar gidanta, ba a sake gini a wurin, ita kuma da sanda take tafiya yanzu, ba ta iya zaman kaɗaici. Ta tara 'ya'yan gaban Liman da dattawan unguwa ta faɗi alkawarin da ta yi a cikin duhu. A zatonta magana ce mai sauƙi. Tana rufe baki ta ga duk su ukun sun gyara zama, kowa na jiran ta kira shi.

Ta dubi Shekarau. Ba ya nan ranar, bai kwashe ko kwano ɗaya na ƙasa ba. Amma shi ya hango abin tun kowa na dariya, shi ya kawo gadon, shi ya sa ta rarrafe har jikinta ya saba. Ba don shi ba, da rufin nan a kan ƙashin bayanta ya sauka, da abin da Tabawa za ta saurara babu, da gawa Nomau zai haƙo.

Ta dubi Tabawa. Ba ta kawo gado ba, ba ta shiga rami ba. Amma gari guda ya tafi neman ta inda ba ta, ita kaɗai ta tsaya ta duba kwando, ta ji abin da wani kunne bai ji ba, ta juyo da maza daga gindin dutse suna ƙi. Ba don ita ba, da gadon ya zama kabari, da Nomau ya ƙare ƙarfinsa yana ture duwatsun da babu kowa a ƙarƙashinsu.

Ta dubi Nomau, hannunsa rataye a wuya. Bai hango komai ba, kuma da farko shi ma wurin da ba daidai ba ya nufa. Amma shi ya san yadda za a shiga ba a ƙarasa ta ba, ya shiga yana sane ƙasa za ta sake motsi, ya kwance igiyarsa ya ɗaura mata. Ba don shi ba, da an san inda take, ana jin bugunta, har bugun ya tsaya.

Wani dattijo ya ce to ta riƙa zagayawa, wata kaza nan, wata kaza can. Kuluwa ta ce ita ba haka ta faɗa wa Ubangijinta ba, gida ɗaya ta ce, kuma ƙafarta ba ta yawo ba ce. Wani ya ce a bi girma a ba babba, ko a bi al'ada a bar ta wurin ɗa namiji. Liman ya ce alkawarin bai ambaci girma ba, bai ambaci namiji ko mace ba, wanda ya cece ta kawai ya ce. Aka juya ga 'ya'yan ko wani zai bar wa wani. Duk ladabinsu da son junansu, a nan babu wanda ya janye, don babu mai son a ce uwarsa ta tsufa a gidan da ba nasa ba.

Haka taron ya tashi ba a yanke ba. Kuluwa ta koma bukkarta, 'ya'yan na kawo mata abinci kwano uku, tana ci kaɗan-kaɗan daga kowanne don kada ran wani ya ɓaci, ga damina na matsowa, bukkar kuma ba za ta riƙe ruwa ba.

To, jama'a, na kawo muku ita har inda ta tsaya. Tsakanin Shekarau da Tabawa da Nomau, wa ya ceci Kuluwa, kuma a gidan wa ya kamata ta cika alkawarinta?